Yaya, su ma da daddawa suke miya

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kuna lafiya, da Inna da yara baki ɗaya. Kin ce in ba ki labarin abin da mutanen nan suke ci a cikin gidajensu. To, ba ɗanyen kifin da kike gani a talabijin ba ne, wannan na marmari ne. Abin da ba ya yankewa a gidan mutumin Japan shi ne farar shinkafa da wata miya mai ruwa-ruwa da suke kira misoshiru, wato miyar miso. Da safe ita, da dare ita, a ɗakin cin abincin ma'aikatarmu ma ita.

Wata dattijuwa maƙwabciyata ce ta fara koya min. Tana buɗe robar miso ɗin, ƙamshin ya daki hancina, sai na ji kamar a madafin Inna nake tsaye. Wallahi Yaya 'yar uwar daddawa ce. Waken suya ake dafawa a kirɓa, a cuɗa da gishiri da wani abin tsimi da suke kira koji, a rufe a bar shi ya nuna, wani watanni kaɗan, wani shekaru. Akwai fari mai ɗan zaƙi na mutanen Kiyoto, akwai ruwan ƙasa na jihar Nagano wanda shi ya fi cika kantuna, mu kuma nan wajen Nagoya namu ja ne mai duhu, mai ɗan ɗaci da nauyi a harshe.

Ga yadda ta yi. Ta jiƙa wani busasshen ganyen teku mai suna kombu a ruwan sanyi, mafi yawansa daga tsibirin Hokkaido ake kawo shi. Ta ɗora a wuta, ruwa na shirin tafasa ta tsame shi. Sai ta watsa katsuobushi cikin tafin hannu guda, kifi ne da aka yi bandarsa har ya ƙeƙashe kamar itace, aka kankare shi fyal-fyal. Minti biyu ta tace. Wannan romon sunansa dashi. Ta yanka awara ƙanana a kan tafin hannunta (eh, awarar da kika sani, su tofu suke ce mata, sai dai ba su soya ta a wannan miyar), ta zuba da ganyen albasa. Daga nan ta kashe wuta, ta ɗebo miso a ludayi, ta nutsa bakin ludayin cikin romon tana damawa da tsinken cin abinci har ya narke. Na kai hannu zan ƙara kunna wutar, ta riƙe min hannu. Mu daddawa sai ta dahu take ba da ɗanɗano, su kuwa idan miso ya tafasa ƙamshinsa ya gudu. Duka aikin bai kai minti 15 ba. Babu mai, babu attaruhu, babu jajjage. Shinkafa a hagu, miya a dama, ki ɗaga ƙwaryar katako da hannu ki kurɓa, ba a sa cokali.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne zuwan da muka yi garin Okazaki, inda ake yin wani mai suna Hatcho miso. Gidaje biyu ne masu daɗaɗɗen tarihi, suna fuskantar juna, kuma suna barin baƙi su shiga su gani. Gangunan katako ne da suka fi mutum tsawo, kowanne na ɗaukar wajen tan 6, a samansa an jera duwatsun kogi wajen tan 3 da hannu, sun yi tsini kamar kan rumbu. Haka ake barinsa zafi biyu, sanyi biyu. Ina tsaye ina kallo, matan unguwarmu masu dafa kalwa suka faɗo min a rai, yadda suke kwana kan tukunya, su surfa, su wanke, su rufe da buhu kwana uku. Gwanintarsu ba ta gaza ta waɗannan ba ko kaɗan. Amma nan mai yin miso ana kawo 'yan makaranta su ga aikinsa, a gida kuwa yarinya ta yi aure tana jin kunyar a ji warin daddawa a kicin ɗinta. Abin ya yi min ciwo.

A kanti ma za ki ga bambancin. Layi guda ne cur na miso, roba mai giram 750 tsakanin yen 300 da 500, ta ishe mu wata guda har da ɗori. A jikinta an rubuta abin da aka zuba, da yawan gishirin, da ranar da zai daina daɗi. Akwai mai ƙarancin gishiri saboda masu hawan jini. Akwai na ƙullin mutum ɗaya, ki zuba ruwan zafi kawai, kuma kantunan konbini da ba sa rufewa dare da rana sun ajiye tulun ruwan zafin kyauta. Da daddawarmu ta samu irin wannan rufi da rubutu, ba tsakuwa ba ƙura, da dunƙulen magi bai kore ta daga tukwane ba. Kin ma san farin magin nan, Ajinomoto? Ɗan nan ƙasar ne. Wani malamin jami'ar Tokyo, Kikunae Ikeda, shi ya gano sinadarin a cikin wannan ganyen kombu a 1908. Mu aka sayar wa garin magin, maƙwabciyata kuwa har yau ganyen take jiƙawa.

Sai dai Musulmi dole ya buɗe ido. Wasu robobin ana ɗiga musu giya don a tsayar da tsimin, suna rubuta shusei a jiki, don haka nake neman wanda babu komai sai wake, shinkafa da gishiri. Akwai kuma wata miyar miso mai suna tonjiru, da naman alade ake yin ta, a waje sai na tambaya kafin in karɓa.

Kada ki ɗauka komai nan ya fi gida. Babu ciniki, babu gyara, babu mai kayan miyar da za ta ce ki ɗauka sai gobe ki kawo kuɗin. Kuɓewa akwai, okura suke ce mata, amma ƙwara takwas ko goma ce a ɗan raga, lalo kuma sai lokacin zafi, ƙulli ɗan mitsitsi. Kuɗin tumatir uku ya ishe ki cefanen yini. Sannan miyar tasu ba ta riƙe ciki irin kuka da tuwon dawa, ko ranar aikin dare na sha sai in ji kamar ban ci komai ba. Yanzu nakan yanka kuɓewa a ciki in barbaɗa yajin da kika ƙullo min, maƙwabciyar tawa ta ɗanɗana har ta ƙara.

Waken suya kam ga shi nan a kowane kanti. Don Allah ki tambayar min Inna yadda take daddawarsa: awa nawa take dafa shi, da me take rufewa, kuma kwana nawa zai yi idan garin da sanyi. Ki ɗauko muryarta a waya ki turo min, in ji daga bakinta.