PG ko hayar gida a Bengaluru ta ƙasar Indiya: amsa ga ɗan'uwan da ya samu aiki

Ɗan'uwa, barka da arziki, Allah ya sanya albarka a aikin. Tsakanin PG da kama hayar gida da ka tambaya, shiga PG, aƙalla watanni uku na farko.

PG, wato "paying guest", masaukin haya ne, bene mai ɗakuna da yawa, kuɗin wata a dunƙule: gado da katifa, kabad, intanet, ruwa, shara da abinci. Akwai ɗakin mutum ɗaya, na biyu, na uku. Kuɗin ajiya yawanci na wata ɗaya ne ko biyu, kuma ranar da ka sauka da akwatinka ranar za ka kwana. Amma babban amfaninsa mutane ne. Ƙarfe bakwai da rabi ka sauko ɗakin cin abinci, idli na tururi kamar wainar da ba a soya ba, ga bokitin miyar sambar, ga samari daga Kerala da Bihar da Andhra kowa da katin ofis a wuya. A teburin nan za a gaya maka motar da ke bi ta ofishinku, a koya maka ce wa mai a-daidaita-sahu "meter haaki", wato kunna mita da harshen Kannada. Kafin asusun bankinka ya buɗe kuwa, su ne za su riƙa biya maka ta UPI, tsarin biyan kuɗi ta waya na Indiya, kana ba su tsaba, don a garin nan har mai shayi ta waya ake biyansa, canji na wuya.

Tambaya ɗaya ce za ka yi kafin ka ba da ko rufi ɗaya: "Za ka cike mini Form C?" Doka ta ɗora wa duk mai saukar da baƙon wata ƙasa ya kai rahotonsa cikin awa 24, kuma Form C ce takardar rahoton (tun 2025 sunanta a hukumance Form III). Kai kuma, tunda bizarka ta aiki ta wuce kwana 180, dole ka yi rajista da FRRO, ofishin rajistar baƙin ƙasashen waje, cikin kwana 14 da saukarka, ta intanet, kuma za su nemi shaidar masauki. Masu PG da yawa ba su taɓa saukar da baƙon waje ba, sai su ce maka "gobe" har wa'adin ya wuce, tarar kuma kanka za ta faɗa. Wanda ya fara inda-inda, bar shi ka nemi wani.

PG na da nasa aibin. Wasu ba sa shigar da nama sam, wasu kaza sau ɗaya ko biyu a mako, to ka tambayi inda suke sayenta. Ba a barin girki a ɗaki, wasu na rufe ƙofa da dare, kuma in za ka tashi sai ka sanar da wata guda, in ba haka ba ajiyarka ta tafi. In ka yi marmarin nama na halal, Mosque Road da ke Frazer Town da unguwar Shivajinagar ba za su ba ka kunya ba, ga masallatai kusa.

Hayar gida kuwa, to, ɗakin girkinka naka ne, kuma in iyali za su biyo ka babu makawa. Iyakar yabon ke nan. Bengaluru ta yi ƙaurin suna wajen kuɗin ajiya, ana iya neman na wata biyar har goma. Gidan rufi 20,000 a wata da ajiyar wata shida, 120,000 ke nan tun ba ka karɓi albashin farko ba, ga la'adar dillali ta wata guda, ranar tashi kuma a yanke kuɗin fenti. Yarjejeniyar wata 11 ce. Tukunyar gas, intanet da takardar wutar BESCOM, kamfanin lantarkin garin, duk a wuyanka. Ga kuma masu gidan da da jin kai ɗan Afirka ne sai gidan ya zama "an riga an kama". In lokacin ya yi, fara da Kammanahalli da Hennur, sun saba da mu.

Hattara da 'yan damfara a Facebook da sauran shafukan talla. Salonsu sananne ne: hoton gida mai kyau da arha, mai shi ya ce soja ne an yi masa canjin wurin aiki, ya turo hoton katin shaida, sannan ya nemi kuɗin "shiga ƙofa" kafin ka ga ɗakin. Kar ka tura komai sai ka taka ƙafa, ka buɗe famfo, ka karɓi rasit mai sa hannu.

Wajen zaɓen PG ɗin, nisa ya fi farashi muhimmanci, domin kilomita goma na iya cinye maka fiye da awa guda a cunkoson Outer Ring Road. In ofishinku Whitefield yake, nemi kusa da tashar Namma Metro, jirgin ƙasan cikin garin, layin ya kai can tun 2023. Sannan ka tambayi mazauna gidan, ba mai gidan ba, ko ruwan famfo na kogin Kaveri suke samu ko na burtsatse da tanka, don a rani, wajen Maris zuwa Mayu, gidajen burtsatse ne ke fara bushewa.