Turbo a MX-5: daɗi a kan titi, wahala a filin tsere

Masu tambayata yadda na ji da kayan turbo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi) da na sa wa motata, ga amsa nan gaba ɗaya don na gaji da yi wa kowa bayani shi kaɗai. Motar Mazda MX-5 ce ƙirar 2000 mai inji 1.8, irin waɗanda suka cika Ingila ɗin nan, ƙarfin doki 140 ta zo da shi daga kamfani, nauyinta kuma bai wuce tan ɗaya da ɗan wani abu ba. Sunan kamfanin da ya sayar min da kayan da kuɗin da na biya kuwa, ba sai na faɗa na fama wa kaina ciwo ba.

Gaskiya ranar da na karɓo ta daga wajen mai saita ƙwaƙwalwar inji dariya na dinga yi ni kaɗai a cikin mota. Rabin bar (ma'aunin matsin iska) kawai aka ba ta, na'ura ta nuna doki 200 da ɗan ɗori, kuma a jikin mota mara nauyi haka wallahi ba ƙaramin abu ba ne. Kana giya ta uku ka ɗan taɓa totur sai ka ji an manna ka da kujera, wuce babbar mota da a da sai na sauko giya biyu na yi ta addu'a yanzu kafin ka ce kwabo ka wuce. Da sanyin safiya tana tashi bugu ɗaya, ba hayaƙi ba ɗigar mai. Duk lokacin sanyin nan da ita nake zuwa aiki ba ta taɓa ce min uffan ba. Da a lokacin na rubuta sharhin nan tauraro biyar zan ba su in ƙara da addu'a.

To amma ni ba don zuwa aiki na zuba kuɗin nan ba, don filin tsere na yi, kuma a shafinsu ƙiri-ƙiri suka rubuta cewa kayan a shirye suke don fili. Kafin in biya ma sai da na kira na sake tambaya, mutumin ya ce kada in damu, motoci nawa suka sa wa.

Cadwell Park na kai ta, a Lincolnshire, filin nan siriri mai hawa da gangara. Da safe an auna ƙarar salansa na wuce lafiya. Fitar farko da ta biyu komai daidai, har na fara cika baki a raina don a miƙaƙƙiyar hanyar nan ta Park Straight motocin da a da suke barina a baya yanzu ni nake manne musu. Bayan azahar rana ta ɗan fito, ba wani zafi ba fa, zafin da a Kano sai a ce sanyi ake, ina cikin zagaye sai na ga agogon zafin ruwan da na sa daban ya haura digiri 105 yana neman 110, shi kuwa na dashbod yana tsaye a tsakiya abinsa kamar ba abin da ke faruwa (kada ku yarda da wannan allurar, sai abu ya lalace take motsi). Na sassauta zagaye ɗaya ya sauko, na sake takawa ya sake hawa. Ina fitowa daga hawan da suke kira Mountain sai na ji wata ƙara, tas-tas-tas, daga gaban kujerar fasinja, sak ɗan sahu mai fasasshen salansa, ƙarfi kuma ya tafi, na taka totur har ƙasa motar tana ta ihu ba ta zuwa ko'ina. Wari ya biyo baya. Ban kai ƙarshen zagayen ba aka ɗaga min baƙar tuta, alamar in fita daga fili, kuma sun yi daidai.

Da na buɗe bonet, a cikin kusoshi huɗun da ke riƙe turbo a jikin manifol (bututun da ke tattaro hayaƙi daga inji), noti ɗaya ya ɓace gaba ɗaya, biyu da yatsa ma za ka juya su in ba don zafi ba. Turbo ya ɗan ja baya ya bar tazara, baƙin hayaƙi ya yi wa gefen fenti, kuma wutar da ke fita ta nan ta gasa tiyon hita har ya kumbura ya yi taushi, hannun sandar auna baƙin mai na roba ya narke ya lanƙwashe. Na tsaya ina kallo kawai. Wani dattijon Bature da ke kusa da ni da tasa MX-5 ɗin wadda ba turbo ya leƙo, bai ma sunkuya sosai ba ya tambaye ni kusoshin na Inconel ne, wato ƙarfen nan mai jure zafi? Na ce waɗanda suka zo a kwali ne. Ya gyaɗa kai ya koma ya ci gaba da shan shayinsa, da aka kira rukuninsu ya sake fita, shi har yamma yana zagaye ni ina zaune a kan ciyawa ina jiran inji ya huce.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ashe kowa ya san wannan matsalar. A titi daƙiƙa biyar ko goma kake taka mota ka ɗaga ƙafa, a fili kuwa minti ashirin kana kai, hayaƙin da ke shiga turbo yana kai digiri 900, ƙarfe ya yi jawur, kusar ƙarfe ta gama-gari ta miƙe, ta huce, ta sake miƙewa, noti ya saki. Maganin kusoshin Inconel ne da abin kulle noti, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba in ka kwatanta da kuɗin kayan. Me ya hana su saka a kwali? Da na rubuta musu sai suka ce ai suna sayar da su daban. Daban! To me ake nufi da a shirye don fili?

Zafin ruwan ma haka. Injin nan asalinsa na motoci masu jan gaba ne irin su Mazda 323, a kwance yake zama, ruwa ya shiga ta wannan gefe ya fita ta wancan. Da aka miƙar da shi a MX-5 sai ruwan ya koma shiga ta gaba yana fita ta gaba, silinda ta huɗu da ke can baya ita ke shan zafi. In babu turbo, ba wanda zai lura. Ka ƙara doki sittin, ka kuma dasa intakula (abin sanyaya iskar turbo) a gaban lagireto ya tare masa iska, shikenan. Sai da aka juya hanyar ruwan ta fita ta baya, aka sa lagireto mai kauri na alminiyom, aka toshe duk ɓarakar da iska ke zillewa ta gefe, aka ƙara abin sanyaya baƙin mai. Ko ɗaya babu a jerin da suka ba ni. Kuloci dama na canza tun farko don na asali ba ya riƙewa, birki ma ya fara laushi ranar tun kafin kusoshi su yi nasu, wani kuɗin ke nan, ga inshora da ya tashi da na sanar da su, ga fetur dole sai mai lamba 99. Uwargida ta daina tambaya, in ta ga kwali a ƙofa kallona kawai take.

Injin kansa dai ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Bulok ɗin baƙin ƙarfe ne, yana da bututun da ke fesa mai a ƙarƙashin fistin, Mazda da kansu sun fitar da mai turbo a 2004 da doki 178. Duk wahalar da ya sha ranar an gwada kamfireshan ɗinsa lafiya lau. Bakaniken ya ce in dai ban yi haɗamar wuce doki 250 ba konrod (sandar da ke riƙe fistin) da giyabos za su zauna lafiya, ni kuma ban da niyya.

Bayan gyaran na koma fili ta yi yini guda ba matsala, zafi ya tsaya ƙasa da 100, kuma daɗin nan na farko ya dawo, ba zan ɓoye ba. Sai dai yanzu rabin hankalina yana kan agogo, duk fita in dawo sai na buɗe bonet na haska kusoshi da tocila. In don titi kake so, saya, ba za ka yi nadama ba. In don fili ne, ninka abin da ka ware tun yanzu, ko ka zuba kuɗin a taya da birki da kuɗin shiga fili kamar dattijon can. Tauraro uku na so in ba su, da na tuna har yau ba su amsa saƙona na ƙarshe a kan tiyon da ya ƙone ba sai na mayar da shi biyu.