Cire bayan hoto: na waya ko na kwamfuta?

Hajiya, kin ce kina ɗaukar hotunan mayafai da kwalaben humra a shagonki na Tudun Wada, amma kullum sai janareta ko bokiti ya leƙo ta bayan kayan. Kin rasa wanda za ki kama tsakanin remove.bg, shafin intanet na cire bayan hoto da yara suka nuna miki a waya, da Photoshop ɗin da mai buga miki fosta yake ta kurantawa. Duka biyun na taɓa su.

Shi remove.bg ba ya neman ki iya komai. Ki ɗora hoto, kafin ki gyara zama ya miƙo miki kayan babu bango. Ga jaka, takalmi ko kwalbar humra, duk abin da bakinsa ya fito sarai, ya ishe ki. Sai dai na kyauta yana ƙanƙantar da hoton, ya dawo kamar fiksil 625 da 400. A status ba mai lura, amma ki kai Sabon Gari a buga miki babbar fosta, sai ki ga hoto ya farfashe. Cikakken girma sai an biya. Canva, manhajar tsara fosta da kati, ce ta sayi kamfanin a 2021, ita ma nata maɓallin cire bango na masu Pro ne, wato masu biyan kuɗi.

Mayafi ne inda hanya ta rabu. Yadi mai shara-shara bango yana ratsa shi, leshi kuma kowane hujinsa yana riƙe da launin abin da ke bayansa. Bara na yi wa ƙanwata katin biki da hoton da aka ɗauke ta jikin koren bango. Wata manhajar waya ta cire bangon tas, na yi murna. Da na ɗora amarya kan farin kati, sai ga kore tsilli-tsilli a duk hujin leshin, gefen mayafin kuma kamar an datse shi da almakashin tela. Ala tilas na koma Photoshop. Na fara da Select Subject, maɓallin da ke ware mutum daga bango da kansa, wanda aka kawo a 2018, sannan na shiga Select and Mask na bi bakin mayafin da burushin Refine Edge a hankali, na kunna Decontaminate Colors don ya tsotse koren da ya shafi gefe. Sirrin yana cikin mask, wani shafi da ake ɗorawa kan hoton a shafa masa launi: baƙi yana ɓoyewa, fari yana bayyanawa, ruwan toka kuma yana barin abu rabi da rabi, wanda shi ne ainihin halin mayafi. Ba a goge komai, in kin yi kuskure ki dawo da shi. Hoto ɗayan nan sai da ya cinye min daga la'asar zuwa kusan magariba.

To ki lissafa da mayafi talatin. Ga shi tun 2013 Adobe, kamfanin Photoshop, ta koma karɓar kuɗin wata-wata, ga neman kwamfuta, ga sha'anin wuta. In akwai laftof a gida, GIMP, manhajar gyaran hoto irin Photoshop, kyauta ne, ba ya buƙatar data, kuma shi ma yana da mask, na 3.0 ya fito a Maris 2025. Hannu kawai yake so kafin a saba.

Da ni ne ke, humra da jakunkuna na bar wa waya. Mayafai kuwa ba zan cire musu bango ba sam. Ki samu farin zanin gado marar zane, ki goge shi, ki rataya a baranda inda rana ba ta dukan kayan kai tsaye, ki ɗauka da hantsi. Farin da ya ratso mayafin shi ne dai farin da kike so a talla. Fararen mayafai ki canza musu da zani mai duhu.

Fostar Sallah kaɗai za ki ba mai Photoshop. Ki ce ya ajiye miki wanda aka cire wa bango a PNG, don JPEG ba ya riƙe wurin da aka bari fayau, cike shi yake yi da launi. Kuma in za ki tura masa hoton ta WhatsApp, ki tura shi a matsayin document, in ba haka ba matse shi zai yi tun kafin ya isa hannunsa.