Gargaɗi ga masu sayen giyar famfo: a bakin kofi ake tauye muku awo

Giyar kwalba da ta gwangwani daga masana'anta suke fitowa a rufe, da adadinsu rubuce a jiki. Giyar famfo kuwa, wadda ake tsiyayowa daga ganga, ma'auninta hannun mai zubawa ne da kofin da ya ga damar ɗauko maka. Nan ɓarakar take, kuma mashaya da yawa sun daɗe da gano cewa ba kowa ke dubawa ba.

Ba zargi ne kawai ba. A shekarar 2024 cibiyar jami'an kula da ciniki da awo ta Birtaniya, CTSI, ta fitar da sakamakon gwajin da aka yi a mashaya 77. An sayi abin sha 137 an auna, kashi 70 cikin 100 ba su cika ba. Da aka ware giya ita kaɗai, kashi 86 cikin 100 ne suka gaza. Wannan fa a ƙasar da ke da dokar awo ta 1985, wadda ta ƙayyade cewa fayint ɗaya, wato awon da ake sayar da giyar famfo da shi a can, mililita 568 ne, da jami'an da ke zagayawa. To ina ga inda babu mai zagayawa?

Abin da ke ruɗin ido shi ne siffar kofin. Yawancin kofunan giya gindinsu matsattse ne, bakinsu a buɗe, don haka santimita ɗaya a sama ya fi santimita ɗaya a ƙasa ɗaukar ruwa nesa ba kusa ba. Ɗauki kofin da faɗin bakinsa daga ciki ya kai santimita 8. Kowane santimita ɗaya a wannan bakin yana cin kusan mililita 50. Idan rabin lita ka biya, aka bar maka gurbin da bai kai kaurin yatsa ɗaya ba, kashi 10 cikin 100 na kuɗinka ya tafi. Yatsa biyu, kusan kashi ɗaya cikin uku ke nan in yatsun masu kauri ne. Kai kuwa da ka kalli tsayin kofin sai ka ga ai ɗan kaɗan ne ya rage, ba abin da za a tada jijiyar wuya a kansa. A babban kofin lita ɗaya mai hannu abin ya fi muni, domin faɗinsa ya kai santimita 10, kowane santimita na cin kusan mililita 80.

Kuma ba a barin gurbin fanko, da kumfa ake rufe shi. Kumfa iska ce mafi yawanta. In ta kwanta, abin da ke komawa ruwa bai cika wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. Kumfar mililita 100 ba za ta ba ka fiye da kamar mililita 25 na giya ba. Tada ta kuma ba wuya ga wanda ya san famfo. Zubi na gaskiya shi ne a karkata kofi rabin kwance, a buɗe famfo gaba ɗaya lokaci guda, giyar ta gangara ta jikin kofin, sai an wuce rabi a miƙar da shi. Mai son kumfa ta yi yawa sai ya riƙe kofin a tsaye tun farko, ya nisanta shi daga bakin famfo, ko ya buɗe famfon rabi-rabi yadda giyar za ta fito a matse tana tartsatsi. Yana gamawa ya turo maka da sauri, kumfar na tsaye tamkar rawani, kafin ta kwanta asiri ya tonu.

Kafin ka yi magana, ka fara sanin irin kofin da ke gabanka, domin iri biyu ne kuma hukuncinsu ya bambanta. Akwai mai layi: an yi shi ya fi awon girma, an ja ɗan layi a jikinsa da adadi kusa da shi, 0.5 ko 0.3 na lita. Irinsa ya fi yawa a Jamus da Jamhuriyar Czech da sauran ƙasashen Turai. A nan magana ta ƙare, ruwan giya ne zai kai layi, kumfa ta hau samansa. Akwai kuma wanda awonsa sai ya cika fal har baki, irin wanda ya fi yawa a Birtaniya. Shi wannan, duk kumfar da ka gani a cikinsa daga rabonka aka cire wurinta, ba makawa. Ƙungiyar masu mashaya ta Birtaniya ta shimfiɗa wa kanta ƙa'idar cewa ruwa ya kai aƙalla kashi 95 cikin 100, kuma a yi wa mai saye ciko idan ya nema. Kashi 5 na fayint mililita 28 ne, wato kumfar da ba ta wuce rabin santimita da ɗan wani abu ba. Je ka duba ko akwai mai tsayawa a nan. A ganinmu wannan sassauci ƙofa ce aka buɗe, kuma ƙungiyar masu shan giya ta CAMRA, wadda aka kafa a 1971, ta daɗe tana neman doka ta ce fayint ruwa ne ɗari bisa ɗari.

Wata dabarar ba ta ma buƙatar kumfa, a kofin take. A Amurka fayint oza 16 ne, mililita 473. Ana ƙera wani kofi mai tsayi ɗaya da faɗi ɗaya da na gaskiya, amma an ƙara wa gindinsa kaurin gilashi, sai ya koma ɗaukar oza 14, kusan mililita 414. Ka ajiye su gefe da gefe ba za ka bambanta ba sai ka leƙa gindin: na ha'incin gilashinsa ya yi tudu, kuma ya fi nauyi a hannu in babu komai ciki. A zuba masa kumfa yatsa ɗaya, ka tashi da oza 12 a kuɗin 16.

Sai wasa da suna. Takardar farashi ta ce “babba” da “ƙarami”, babu adadi ko ɗaya, don haka ba ka da abin kamawa. Ko kalmar fayint kanta ba ɗaya ba ce a ko'ina: 568 a Birtaniya da Kanada, 473 a Amurka, a jihar Ostireliya ta Kudu kuwa abin da suke kira fayint mililita 425 ne. Tambayi adadin mililita kafin ka yi oda. Babban jug da ake kawo wa tebur a raba shi ma a sa masa ido, bakinsa ya fi na kowane kofi faɗi, kuma ba mai aunawa bayan an rarraba.

Me mai mashaya ke samu? Ganga mai lita 50 kofi 100 ne na rabin lita. A rage mililita 50 a kowane kofi, gangar ta ba da 111. Kofi 11 ke nan da aka sayar ba tare da an sayo ko ɗigo ba. Gangar Amurka mai galan 15.5 tana ba da kofi 124 na oza 16, da kofin oza 14 kuwa 141. Gidan da ke ƙarar da ganga da yawa a mako, lissafa da kanka. Tsohuwar cuta ce ma: tun 1899 aka kafa wata ƙungiya a birnin Munich, VGBE, aikinta kawai yaƙi da tauye awon giya, kuma an san ta da auna kofunan lita ɗaya a Oktoberfest, babban bikin giya da ake yi a birnin kowace shekara.

A yi adalci, ba kowace kumfa ce ta mugunta ba. Giyar ganga tana son sanyin kusan digiri 3 a ma'aunin Salshiyas. In ta ɗumama, ko bututun da ke kawo ta famfo ya ratsa wuri mai zafi, iskar da ke narke a cikinta sai ta ɓalle ta zama kumfa. Haka in matsin tukunyar iskar da ke turo giyar ya yi yawa ko ya yi kaɗan, ko bututun ya yi datti don an wuce mako biyu ba a wanke ba, ko yanzu aka sauya ganga ba ta natsa ba. Bambancin a bayyane yake ga mai lura. Inda na'ura ce ta lalace, za ka ga mai zubawa yana fama, yana zubar da kumfa yana ƙarawa, kofuna na fitowa kowanne da irin nasa. Inda da gangan ne, giɓin iri ɗaya ne a kowane kofi, kowane dare, hannun ya saba. Ko ma wanne ne, asarar na'urar gida ba kai za ka biya ba.

Ga yadda za ka yi. In an ajiye maka kofi, kada ka kurɓa, domin da zarar leɓenka ya taɓa shi hujjarka ta rushe. Bar shi minti ɗaya zuwa biyu kumfar ta kwanta. Baƙar giya mai iskar naitirojin irin Guinness takan ɗauki kusan minti biyu kafin ta natsa. Sauke idonka daidai da kofin, kada ka leƙa daga sama, ka nemi inda ruwa ya haɗu da kumfa. In bai kai layi ba, ko a kofin da babu layi kumfar ta wuce santimita ɗaya, miƙa shi ka ce a cika maka. Ba alfarma kake roƙo ba. Mai gaskiya zai cika ba tare da ya ɓata rai ba, wanda ya tsaya yi maka lacca kan daɗin kumfa kuwa ka gane inda ya dosa.

In kofin kansa kake zargi, bayan ka gama ka juye masa ruwan gora mai mililita 500 ka ga inda zai tsaya. Mai son tabbaci sosai ya yi amfani da ƙaramin sikelin girki: auna kofin da giya, auna shi babu komai, ka ɗebe. Mililita ɗaya na giya giram ɗaya ne da ɗan ɗoriya kaɗan, don haka rabin lita zai ba ka kimanin giram 505, kuma sikeli bai san kumfa ba.

Idan aka hana ka ciko, ɗauki hoton kofin kafin a taɓa shi, layin da adadin su fito, ka riƙe rasit mai kwanan wata da lokaci, ka kai ƙara ofishin kula da ma'auni na ƙasar da kake. A Birtaniya jami'an kula da ciniki da awo (Trading Standards) na ƙananan hukumomi ne ke karɓa. A Kanada hukumar Measurement Canada ce, kuma sassaucin da ta yarda da shi a fayint mililita 15 ne kacal, ba a lissafa kumfa.