LibriVox: Shekara Biyu Ina Sauraron Labaran Kimiyya da na Almara

Shekara biyu ke nan da likitan ido ya umarce ni da in rage karatun dare, domin aikin koyarwa da duba takardun ɗalibai sun riga sun cinye abin da idanuna suke iya ɗauka a yini. Umarnin ya yi mini nauyi ƙwarai, saboda tun ina makarantar sakandare ban saba kwanciya ba sai na karanta wani abu, kuma abin da raina ya fi so shi ne ƙagaggun labaran kimiyya da na almara, waɗanda ake tafiya wata duniya ko wani zamani a cikinsu. Ana cikin haka wani abokin aikina ya nuna mini shafin LibriVox a wayarsa, ya ce in gwada karatu da kunne. Daga ranar zuwa yau da wuya dare ya wuce ban saurari babi ɗaya ko biyu ba, saboda haka nake ganin na daɗe da wannan shafi daidai yadda zan iya faɗin amfaninsa da kuma iyakarsa.

Wani mutumin Montreal ta ƙasar Kanada mai suna Hugh McGuire ne ya kafa LibriVox a shekarar 2005, kuma sunan ya samo asali daga kalmomin Latin guda biyu masu nufin littafi da murya. 'Yan sa kai daga ƙasashe daban-daban ne suke ɗaukar littattafan da wa'adin haƙƙin mallakarsu ya ƙare, su karanta su a gidajensu, su naɗi muryarsu, wasu 'yan sa kan kuma su saurara domin gano inda aka tsallake layi ko aka maimaita jumla, daga nan a ɗora a intanet kowa ya sauke. Ba a biyan ko kwabo, ba a buƙatar rajista kafin a saurara, kuma babu talla a cikin karatun. Littattafan da aka kammala sun haura 15,000, mafi yawansu da Turanci, kuma rumbun Internet Archive ne yake adana muryoyin.

Abin da na fahimta bayan wannan tsawon lokaci, wanda kuma shi ne babban dalilin da ya sa nake yaba wa shafin, shi ne cewa tsofaffin labaran kimiyya sun dace da kunne fiye da yadda na zata, domin da yawansu an gina su ne a kan mutum ɗaya yana zaune yana ba wasu labari. Littafin The Time Machine na H. G. Wells, wanda ya fito a 1895, da shi na fara. Matafiyin da labarin yake kansa ya dawo gidansa a galabaice, kayansa sun yi ƙura, yana ɗingishi, ya tarar da baƙinsa a wurin cin abinci, ya ci ya ƙoshi, sannan ya zaunar da su ya ce kada wanda ya katse shi har ya gama, ya shiga ba su labarin tafiyarsa zuwa shekara ta 802,701. Na karanta wannan littafi a takarda tun ina saurayi, amma a lokacin matsayina matsayin mai leƙe ne. Da na saurare shi da murya ɗaya daga farko har ƙarshe sai na zama ɗaya daga cikin baƙin da aka hana magana.

Daren da na kai babin da matafiyin ya zarce miliyoyin shekaru zuwa gaba, babu wutar lantarki a unguwarmu, zafi kuma ya kore mu zuwa tsakar gida. Ina kwance a kan tabarma da iyafis a kunne, muryar mai karatu tana bayyana wata gaɓar teku da babu mutum ko ɗaya, rana ta yi girma ta yi ja ta daina fitowa da faɗuwa, iska ta yi ƙaranci, wasu halittu masu kama da ƙaguwa suna jan ciki a kan yashi. Mai karatun bai ɗaga murya ba, bai yi wani kwaikwayo ba, a hankali kawai yake tafiya, kuma wannan natsuwar ce ta sa tsigar jikina ta tashi. Na cire iyafis ɗin na daɗe ina kallon taurari kafin barci ya zo. Duk wanda ya taso yana jin tatsuniya da dare a bakin kakarsa ya san cewa duhu da murya suna buɗe wa labarin al'ajabi wata ƙofa a zuciya, kuma ban yi tsammanin zan sake samun wannan yanayi ba bayan na girma.

Haka abin yake a wani littafin Wells, The War of the Worlds na 1898, inda mutum ɗaya yake ba da labarin yadda halittu daga duniyar Mas suka sauka kusa da garin Woking a Ingila da injinansu masu ƙafa uku, suka tarwatsa sojoji, har ƙwayoyin cuta na duniyarmu suka gama da su. Ƙarfin wannan labari a kunne tsohon zance ne, domin a ranar 30 ga Oktoba, 1938, da Orson Welles ya mayar da shi wasan rediyo a Amurka cikin sigar labarai masu shigowa kai tsaye, an sami masu sauraro da suka ɗauka da gaske ake yi. Frankenstein na Mary Shelley, wanda ya fito a 1818, ya fi su sarƙaƙiya: wani matuƙin jirgin ruwa ne yake rubuta wa 'yar'uwarsa wasiƙu, a cikin wasiƙun masanin da ya tsinta a kan ƙanƙara yana ba shi labarinsa, a cikin labarin masanin kuma halittar da ya haɗa tana ba da nata. Labari ne a cikin labari a cikin labari, tsarin da mai karatun Hausa ya saba da shi tun daga Dare Dubu da Ɗaya, kuma mai karatu mai fasaha yakan ɗan sauya sautinsa yadda mai sauraro zai san bakin wa ake ji ba tare da an faɗa masa ba.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi komai muhimmanci ga mai shirin amfani da shafin, wato zaɓen mai karatu. LibriVox ba ya tantance mutane ta fuskar daɗin murya ko iya karatu. Duk wanda na'urarsa ta cika sharuɗɗan naɗin sauti zai iya shiga, kuma da gangan aka tsara hakan. Saboda haka akwai masu karatun da ba su da bambanci da ƙwararrun da ake biya, akwai kuma masu sauri, da masu karatu da sauti ɗaya kamar ana kiran sunaye a aji. Littattafan kashi uku ne: wanda mutum ɗaya ya karanta gaba ɗaya, da wanda aka rarraba babi-babi ga mutane da yawa, da wanda aka yi kamar wasan kwaikwayo, kowane ɗan wasa da muryarsa. Na haɗin gwiwar ya dace da tarin gajerun labarai, amma a dogon labari, musamman wanda aka ƙirƙiro wa mutane da garuruwa baƙin sunaye, sauyin murya da lafazi daga babi zuwa babi yana raba hankali, domin kowane mai karatu da yadda yake furta sunan. Shawarata ita ce a nemi na mutum ɗaya, a saurari minti biyar na babin farko kafin a sauke sauran. Shahararrun littattafai sukan kasance an karanta su fiye da sau ɗaya, don haka idan wannan murya ba ta kwanta wa mutum ba akwai wata. Ni dai idan na dace da mai karatun da nake so nakan latsa sunansa in ga duk abin da ya karanta, kuma ta wannan hanya na san marubutan da ban taɓa jin sunansu ba.

Batun data bai da wahala. Ana samun kowane littafi a sigar MP3, kuma mai sauƙin nauyin, wato na kilobit 64, yana cin kimanin megabayit 29 a kowace awa ta sauraro, ke nan littafi mai awa goma bai kai megabayit 300 ba. Ana iya sauke littafi dungurungum a ajiye a memori, a saurare shi a ƙauye ko a mota inda babu sabis, a kuma tura wa wani, tun da masu karatun sun sadaukar da muryoyinsu ga jama'a. Akwai manhajojin waya da wasu kamfanoni suka yi suna jawo littattafan daga wannan rumbu, kuma ba duka ne suke da kirki ba: wadda na fara ɗorawa ta cika ni da tallace-tallace, kuma sau biyu tana mantar da ni inda na tsaya, har na cire ta na koma saukewa daga shafin kai tsaye. Abin da ya kamata a duba a kowace manhajar sauraro shi ne ta iya tuna inda aka tsaya, ta iya rage saurin murya, ta kuma iya kashe kanta bayan minti talatin, domin mai sauraron dare barci yakan sace shi.

Iyakar shafin babba ce, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Yana bin dokar haƙƙin mallaka ta Amurka, wadda a ƙarƙashinta tsofaffin littattafai sukan zama na kowa bayan shekara 95 da bugawa. Wanda ya zo neman littattafan Tolkien, shahararren marubucin almara na Ingila, ko littafin Dune na 1965, ko littattafan Nnedi Okorafor, ba zai same su a nan ba, sai dai a wuraren da ake biyan kuɗi irin su Audible, inda ƙwararru suke karatu, kuɗin wata-wata kuma da kuɗin waje ake lissafa shi. Haka nan littafinmu na Hausa na tafiya sararin samaniya, Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, shekarunsa ba su kai ba. Sai dai akwai wata 'yar ƙofa da ta faranta mini rai: gajerun labarai da yawa da aka buga a mujallun Amurka a shekarun 1950 ba a sabunta rajistar haƙƙinsu ba, saboda haka suka zama na kowa da wuri, kuma an tattara su jeri-jeri a shafin. A cikinsu akwai labaran mutum-mutumi da jiragen sararin samaniya na minti ashirin ko talatin, daidai tsawon tafiyata daga gida zuwa makaranta.

Tsufan littattafan yana zuwa da wasu abubuwan. Fassarorin Turanci na farko na littattafan Jules Verne an san su da yanke sassa da kurakuran lissafi, kuma irinsu ne suka fi yawa a cikin waɗanda haƙƙinsu ya ƙare. Labarinsa na jirgin da yake tafiya a ƙarƙashin teku, na 1870, cike yake da dogayen jerin sunayen kifaye, waɗanda ido yake iya tsallakewa amma kunne dole ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma a nan ne kaɗai na ji takarda ta fi. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi masu jin Faransanci sun fi mu sa'a, domin akwai wasu littattafan Verne a shafin da harshen da ya rubuta su. Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo: marubuta da dama na wancan zamani sun rubuta ne lokacin mulkin mallaka yana tashe, kuma raina baƙar fata da sauran al'ummu yakan fito ƙarara a bakinsu. Jin irin wannan kalma da muryar mutum a cikin kunnenka ya fi ganinta a rubuce zafi, kuma akwai littafin da na ajiye a tsakiya saboda haka.

A ɓangaren almara kuwa akwai George MacDonald, da Lord Dunsany, da William Morris, waɗanda suka share hanya kafin Tolkien, Turancinsu kuma yana da nauyi, na Morris musamman, domin da gangan ya kwaikwayi tsohon salo. Abin da yake taimako shi ne kowane littafi an haɗa shi da adireshin rubutaccensa, galibi a shafin littattafan kyauta na Project Gutenberg, don haka idan jumla ta gagara sai a duba ta a rubuce, a rage saurin muryar kaɗan. Iyaye su kula da labaran Dare Dubu da Ɗaya: fassarar Richard Burton ta manya ce, akwai batsa a cikinta, wadda Andrew Lang ya tsara a 1898 ita ce aka tace domin yara.

Ta Lang ɗin ce muke saurare da 'yata mai shekara goma sha ɗaya a daren Juma'a da Asabar, wayar tana tsakaninmu a kan tabarma, ina tsayar da karatun lokaci-lokaci in fassara mata abin da ya shige mata duhu. Da muka kai tafiyar Sindbad ta biyu, inda ya kwance rawaninsa ya ɗaure kansa a ƙafar ƙatuwar tsuntsuwa domin ta fitar da shi daga tsibirin da aka bar shi, ta riƙe hannuna ta ce, "Baba, tsaya, kada ka fassara, na gane wannan da kaina." Yanzu ita ce take tuna mini in yi wa wayar caji tun da rana, kuma ta riga ta zaɓi littafin da za mu shiga idan mun gama wannan.