Filas ɗin tsofaffin finafinan Chanis da na yi a wurin mai turi: abin da na tarar bayan wata guda

Wayata na kai gyaran bakin caji a wani shago da ke bakin layinmu. Ina zaune a benci ina jira sai na jiyo wata ƙara daga shagon da ke kusa: fau, fau, wuf! Irin ƙarar nan ta hannun riga in an kai naushi a tsohon fim ɗin Chanis. Rabona da jin ta ya fi shekara 20, amma kafin in ankara har na miƙe na leƙa. Shagon turi ne. Wani matashi na gaban kwamfuta, yara huɗu sun yi cirko-cirko a bayansa.

Na ce, "Samari, kana da irin waɗannan da yawa?"

Ya ɗago ya dube ni, ya ga furfura, ya yi murmushi. "Baba, akwai folda guda. Ba mai tambayarta sai irinku."

A nan na sayi filas mai gig 32, ya loda mini finafinai 30, bai ɗauki rabin awa ba. Kuɗin turin bai kai na cefanen yini ɗaya ba. Yau wata guda ke nan, na kalli kusan duka a talabijin ɗin falo, yawanci bayan sallar isha'i, ni da ɗana mai shekara 11. Na ga ya kamata in faɗi abin da na tarar, don na san akwai sa'o'ina da za su so yin irin wannan sayayya.

Mu dai a zamaninmu ba a barinmu zuwa silima. Yayyenmu ne ke sulalewa Plaza ko Orion, su dawo su ba mu labari a dandali, suna gwada mana yadda akta ya yi wa bos. Sai da bidiyon kaset ya yawaita muka fara gani da idonmu, a ɗakin wani maƙwabci, mu fi 20 a kan tabarma ɗaya. Saboda haka da na soka filas ɗin a talabijin, zatona tuna baya kawai zan yi, in yi dariyar abin da ya ruɗe mu muna yara. Ba haka ta kasance ba.

Abin da ya fara buɗe mini ido kuskure ne na mai turin. Ya saka mini fim ɗaya sau biyu bai sani ba, don sunansa biyu. Ɗaya an rubuta Master Killer, sunan da aka sayar da shi a Amurka, ɗayan kuma The 36th Chamber of Shaolin, wanda kamfanin Shaw Brothers na Hong Kong ya fitar a 1978. Na farkon daga tsohon kaset aka kwafo shi. Hoton ya cika allo amma dishi-dishi, kuma an yanke gefe da gefe. In mutum biyu na faɗa, sai ka ga hannun ɗaya ya shigo daga waje, ba ka ga mai hannun ba. Haka muka kalle shi muna yara, ashe kusan rabin hoton ake ɓoye mana. Na biyun kuwa garau yake, da baƙin layi sama da ƙasa, faɗin hoton cif kamar yadda aka ɗauka. Irin wannan na cikin finafinan Shaw 760 da kamfanin Celestial Pictures ya saya ya wanke tun farkon shekarun 2000.

A wannan kwafin ne na gane me ya sa faɗan nasu ke kama ido. Kyamara na ja baya ta tsaya. Kana ganin mutum tun daga kai har tafin ƙafa, shi da abokin karawarsa, a yi musayar hannu goma ko fiye ba a yanka hoton ba. Duk wanda ya saba zuwa gidan dambe ya san ba hannun da aka ɗaure kaɗai ake kallo ba, ƙafa ake duba, don ita ke nuna wanda zai sha ƙasa. To a nan an bar maka ƙafar ka gani. Finafinan faɗa na yanzu da ɗana ke kallo a waya, ana yanka hoto kowane ƙiftawar ido, kyamara na rawa, ka ji ƙara ka ga mutum a ƙasa, ba ka san ta ina aka bi ba. Daraktan wannan fim, Lau Kar-leung, shi kansa ɗan kung fu ne na gado. Mahaifinsa ya yi karatu a wurin Lam Sai-wing, wanda shi kuma almajirin Wong Fei-hung ne, mashahurin malamin nan na yankin Guangdong da ya rasu a 1925. Mutumin da ke da irin wannan salsala ba zai yarda a ɓoye ƙafa ba.

Sai dai ba faɗan ne ya fi riƙe ni ba, horon ne. Kusan tsakiyar fim ɗin gaba ɗaya babu bos, babu ramuwa, sai wani saurayi, wanda Gordon Liu ya fito a matsayinsa, yana bin ɗakunan horo na gidan bautar Shaolin ɗaya bayan ɗaya. Kafin ya ci abinci sai ya tsallake kududdufi a kan itatuwan da ke yawo a ruwa, ya faɗa ya sake faɗawa, ya kwana da yunwa. A wani ɗakin ana ɗaura masa wuƙaƙe a damatsa, a ba shi bokiti biyu cike da ruwa ya hau tudu hannuwa a miƙe. Da zarar ya sassauta hannu, tsinin wuƙa ya soke shi a haƙarƙari. Wanda ya fi burge ni shi ne ɗakin ido: a sa kansa tsakanin manyan sandunan turare biyu masu ci da wuta, malami na kaɗa haske gabansa, shi kuma ya bi da ƙwayar ido kaɗai. Ya kuskura ya juya kai, kunci ya ƙone. Ɗakuna 35 ne, na 36 ɗin shi ya roƙa a buɗe don a koya wa mutanen gari.

Ina kallon wannan sai na tuna shekarun da na yi a shagon maigidana ina koyon ɗinki. Wata shida ban taɓa keke ba, sai guga da sa maɓalli da share ƙyallaye. A lokacin gani nake mugunta ce. Waɗannan finafinan sun san wannan ciwon, sun kuma san ranar da hannu ke faɗawa da kansa ba ka sani ba. Jarumin ba a haife shi da komai ba, ba wani sihiri, a gabanka ya samu abin da ya samu. Ɗana bai ce uffan ba har aka gama. Washegari da safe na tarar da shi a tsakar gida da bokitan wanki biyu, hannuwa a miƙe, rabin ruwan a jikin wandonsa. Mamansa ta ce, "Ga irin ta nan, Alhaji, kun jawo mana."

Yanzu ga inda filas ɗin ya ba ni haushi. Akwai folda da aka rubuta wa Bruce Lee, da finafinai 7 a ciki. Uku ne kawai nasa. Sauran na masu kwaikwayonsa ne, irin su Bruce Li da Bruce Le, waɗanda aka yi ta fitowa da su bayan rasuwarsa, a yi musu askinsa, a sa musu baƙin tabarau, su riƙa shafa hanci da babban yatsa. Mutumin nan ya rasu ranar 20 ga Yuli 1973 yana da shekara 32, kuma finafinan kung fu huɗu kacal ya kammala a matsayin jarumi: The Big Boss na 1971 da aka ɗauka a Tailan, Fist of Fury da The Way of the Dragon a 1972, sai Enter the Dragon da ya fito bayan ya rasu. Duk wanda ya ce maka yana da finafinansa goma, to jabu ya fi yawa. Kuma abin takaici, wanda ya ɓace a cikin nawa shi ne The Way of the Dragon, mai karon nan da Chuck Norris a tsohon filin Colosseum na birnin Rum. Ban zargi matashin da ha'inci ba. An haife shi shekaru da yawa bayan an daina yayin kaset, yadda ya samu foldar haka ya tura.

Amma fa ko a cikin ukun nan, ka sa na gaskiyan kusa da na jabun, ba sai an faɗa maka ba. Bruce Lee ba ya dogon musayar hannu irin na 'yan Shaw. Tsayawa yake yana kallonka kamar kyanwa ta ga ɓera, sai ka ga abu ya wuce, mutum na ƙasa. Masu kwaikwayon sun iya kukan, ba su iya tsayuwar ba.

Guda huɗu a ciki masu fassarar Hausa ne. A nan ra'ayinmu ya rabu a gida. Uwargida ta fi son su, don tana bin labarin ba tare da ta tambaye ni ba, kuma gaskiya mai fassarar ɗaya daga ciki gwani ne wurin ba'a, ya sa mu dariya har da hawaye. Matsalata ita ce an danne ainihin sautin. Ƙarar sanda da numfashin 'yan wasa da kiɗan da ke tashi in bos ya shigo duk sun koma can ƙasa, sai surutu. A wani wurin an kashe malamin jarumi, yana durƙushe yana kuka, mai fassara kuwa ya ga nan ne wurin sako barkwanci. Ba na cewa ta Turancin ta fi tsarki. Su ma waɗannan finafinan ba da sauti ake ɗaukarsu ba, daga baya ake ɗora murya, shi ya sa baki ke motsi bayan magana ta ƙare. Sai dai su sun bar wa faɗan ƙararsa.

Na Jackie Chan biyu ne masu kyau, duka na 1978, duka kuma Yuen Woo-ping ya ba da umarni, wanda daga baya ya tsara faɗan The Matrix a 1999. Tsohon da ke fitowa malamin Jackie a cikinsu, mai jan hanci da yagaggun kaya, mahaifin daraktan ne, Yuen Siu-tien. Bos ɗin kuma Hwang Jang-lee ne, ɗan Koriya, wanda ƙafarsa ke aiki kamar hannu. Snake in the Eagle's Shadow na kalla da yara hankali kwance. Drunken Master kuwa sai da na yi ta tsayar da shi ina bayani, domin dabarar faɗan gaba ɗaya a kan maye aka gina ta, jarumi na ɗaga tulun giya yana tangaɗi yana cin nasara. Wasan jikin abin mamaki ne, babu musu. Amma uba ya san abin da ke ciki kafin ya kunna wa ƙananan yara. Haka ma Five Deadly Venoms na darakta Chang Cheh, mai almajirai biyar da salon shanshani da maciji da kunama da ƙadangare da kwaɗo. Labarinsa ya fi na saura ƙulli, don sai can ake gane wane ne kunamar, sai dai akwai azabtarwa a ciki da ban so ɗana ya gani ba. Shi kaɗai na kalla bayan sun yi barci.

Sauran tarkacen ba sai na ɓata lokaci a kansu ba. Labari ɗaya ne: an kashe malam, almajiri ya gudu daji, ya dawo ya rama. Jini ja wur kamar fenti, gemun roba na neman faɗuwa, sararin sama kuma zane ne a bangon sutudiyo. Biyu sun ƙi buɗewa sam. Ɗaya ya yanke ana tsakiyar faɗan ƙarshe, wanda ya fi komai ciwo. In na ƙirga waɗanda zan sake kallo, ba su wuce 12 ba cikin 30 ɗin. Kuma ina sane cewa ko sisi daga kuɗina bai isa ga masu haƙƙin finafinan ba. Wannan na ɗan sosa mini rai, musamman a kan kwafin nan masu tsabta da wasu suka zauna suka wanke.

Duk da haka ban yi da-na-sani ba. Wanda zai je, shawarata kada ya ce a zuba masa folda gaba ɗaya kamar yadda na yi. Ya ja kujera ya zauna, a buɗe kowane fim a gabansa. Ya duba ko akwai baƙin layin nan sama da ƙasa, ya sa a ja zuwa ƙarshe a tabbatar bai yanke ba. In ya ga tambarin garkuwa mai SB na Shaw Brothers a farko kuma hoton garau, ya ɗauka ko bai san sunan ba.

Jiya na koma shagon da filas ɗin. Na nuna masa na jabun, ya yi ta dariya yana cewa, "Wallahi Baba ni duk ɗaya nake ganinsu." Ya goge su ba tare da ya karɓi ko kwabo ba. Na tambaye shi ko yana da na Angela Mao, wadda ta fito ƙanwar Bruce Lee a Enter the Dragon, don 'yata ta fara ƙorafin cewa duk maza ne ke duka. Bai taɓa jin sunan ba. Na rubuta masa a bayan wata takardar rasit, haɗe da The Way of the Dragon, ya manna a gefen kwamfutarsa, ya ce in leƙo ranar Laraba.