Kemis ɗin da suka ƙi sayar mini da minocycline

Kantunan magani sun cika layin da ke bayan asibitin da aka kwantar da Baba, amma guda ɗaya nake komawa, duk da tsadarsa. Amlodipine ɗin da yake sha na hawan jini ya fi na maƙwabtansu kuɗi, ga cunkoso bayan la'asar, kujera kuma ɗaya tal.

Abin da ya sa suka shiga raina shi ne maganar minocycline. Da hoton CT ya nuna jijiya ce ta fashe, jini ya zuba a ƙwaƙwalwar Baba, sai ƙanena ya turo saƙo ta WhatsApp wai a nemo wannan maganin, yana kare ƙwaƙwalwa. Na miƙa wa mai harhaɗa magungunan wayata. Ta karanta, ta ɗago ta ce, "Hajiya, likitansa ne ya rubuta?" Na ce a'a. Ta ce to ba za ta ba ni ba, amma ta tsaya ta yi mini bayani, mutane na jira a bayana.

Maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, ɗan gidan tetracycline, an fi rubuta shi don ƙurajen fuska. Masu bincike sun sa masa ido ne saboda yana ƙetarawa daga jini zuwa ƙwaƙwalwa, kuma a gwajin ɓeraye yana rage kumburi da ɓarnar da jinin da ya kwanta ke yi. A jikin mutum kuwa, da sauran tafiya. Gwajin da aka yi a Augusta ta jihar Jojiya a Amurka, aka buga a 2017, marasa lafiya 16 kacal ya ƙunsa, kuma iyakar abin da ya nuna shi ne jiki na iya ɗaukarsa. Bai nuna yana warkarwa ba. Ga shi yana sa jiri, alhali Baba a lokacin ko zama sai an tallafe shi.

Idonta ne ma ya kai kan aspirin ɗin da gwaggonmu ta kawo, yana cikin ledar hannuna. "Wannan kada ya kusance shi, Hajiya, tsinka jini yake yi. Sai likita ya ce." Likitan ya maimaita hakan da safe.

Kowane kwali sukan nuna miki lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa kafin ya shiga leda. Ku dai je da tsabar kuɗi, don POS ɗinsu sai ya ga dama yake aiki.